Baba, Na Shiga Daji a Dubai

Zuwa ga mahaifina, Malam Garba Maharbi, Allah ya haskaka makwancinsa.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Baba, ga ni a durƙushe ina miƙa maka gaisuwar ɗa ga mahaifi, daga nan Dubai, unguwar Al Buteen, a ɗan ɗakin da nake zaune saman wani shagon turare. Da kana raye da na fara da tambayar gajiya da gona da mutanen gida, kai kuma ka tambaye ni zafin ƙasar Larabawa. Yanzu sai dai in ce Allah ya sa kana cikin ni'ima.

Na san ba ka karanta boko, kuma na san da ka ji na ɗora wasiƙar nan inda jama'a za su gani, da ka girgiza kai ka ce yaron nan tun yana ƙarami cikinsa ba ya riƙe magana. Gaskiyarka ce. Amma a gaban mutane na yi maka laifin, shi ya sa na kawo maganar gaban mutane.

Ka san laifin. Hutun da na zo gida shekara biyu da 'yan watanni kafin ka rasu, na tarar daji ya lalace. Ana ɗaukar mutane a gonakinsu, jami'an tsaro kuma duk wanda suka gani da bindiga ba sa tsayawa tambayar ko zomo yake nema. Kai ko a jikinka. Da asuba ka saɓa harbi-ka-rugarka ka fita, gashin kanka fari fat.

Ranar da zan dawo na tsaya a ƙofar gida, abokanka suna zaune a kan tabarma, na ɗaga murya na ce ka tsufa, ka ajiye yawon nan haka, me ka rasa da za ka riƙa bin daji kamar marar 'ya'ya. Na shiga ɗakinka da kaina na kwaso bindigar da jakar albarushi da burtunka, na zuba su a sabon ɗakin da na gina, na danna kwaɗo, na taho Dubai da makullin a aljihu. Ka dube ni ka ce, "To, Sabi'u. Yadda ka ce." Daga nan ka koma ka zauna.

A lokacin gani nake na yi abin kirki. Har labari na riƙa bai wa abokaina a kasuwar Murshid Bazaar, cewa na zaunar da tsoho, hankalina ya kwanta. Sai da aka kira ni aka ce ka cika, sannan wata tambaya ta shige ni ta ƙi fita: shin zaman da na tilasta maka ne ya cinye ka? Ban iya tambayar Inna ba, ban iya tambayar kowa ba. Da ita nake kwana, da ita nake tashi, har satin da ya wuce.

Bari in ba ka labarin yadda aka yi, don na san za ka yi dariya.

Maigidana a kamfanin kago, wato masu aika kaya ƙasashe, wani Balarabe ne da muke kira Abu Rashid, mutumin kirki, mai son farauta kamar me. Wata rana a ofishinmu na Al Khabaisi muna jiran takardun kwantena, ana shan gahawa, ya fito da waya yana nuna mana hoton shahonsa. Baba, ka san bakina. Na ce ai wannan wasan yara ne, ni ɗan maharbi ne gaba da baya, ubana da rarrafe yake isa har gaban barewa ba ta sani ba. Suka ce ƙarya ne. Na naɗe takardar kago na ɗora a goshi, na durƙusa a kan darduma ina nuna musu yadda kake yi da burtu.

Yaran yanzu da za su karanta wannan ba su san burtu ba, bari in gaya musu. Kan tsuntsun nan ne baƙi mai dogon baki, ka haɗa masa wuyan itace, ka lulluɓe da fata, ka jera masa idon zakara jajir. Sai ka ɗaura shi a goshi, ka yafa baƙin zane a baya, ka shiga rarrafe kana caccakar ƙasa kamar tsuntsu na kiwo. Naman daji ya saba da burtu, ba ya gudunsa. Ina ɗan shekara goma nakan laɓe a bayan sabara riƙe da gorar ruwanka ina kallo, wallahi wani lokaci ni kaina sai in manta kai ne.

Abin da ban gaya wa Larabawan ofis ba shi ne, daga riƙon gora ban wuce ba. Ina shekara goma sha huɗu aka kai ni makaranta Kano, ban taɓa kayar da ko zabo ba. Su kuwa suka riƙe maganar. Satin da ya wuce Abu Rashid ya dafa kafaɗata ya ce yalla, wato mu je, ranar Asabar za a rufe farautar bana saboda zafi ya fara shigowa, in shirya in zo in nuna musu aikin ubana. Na ce inshallah.

Ranar Asabar ɗin muna idar da sallar asuba muka kama hanya. Benayen nan suka riƙa raguwa a bayanmu har suka ƙare, sai jan rairayi iyakar gani. Wurin wani gandu ne da aka kewaye da waya, girmansa mota sai ta gaji da zagaye. A ciki suke kiwon barewa su sake ta, masu hali su zo su yi farauta da izini. Akwai ɗakin hutawa, akwai esi, akwai dabino a faranti. Na ce a raina, Baba zo ka ga daji mai kujera.

Mai yi mana jagora wani dattijo ne ɗan Sudan, sunansa Usman, dogo siriri, ba ya son yawan magana. Ya jera mana dokoki kafin mu shiga: namiji kaɗai ake harbi, kuma tsoho, don matan a wannan lokacin duk ciki gare su. Bindiga tana hannunsa sai ya miƙo. Ba wanda zai sauka daga mota sai ya ce a sauka. Dokar farkon ta yi min daɗi, don irin taka ce. Ta ƙarshen kuwa ta shiga ta kunnen nan ta fita ta wancan.

Abu Rashid ya fara. Daga cikin mota, ya ɗora bindiga a kan taga, harbi ɗaya barewa ta faɗi. Usman ya ruga da wuƙa ya fuskantar da ita alƙibla ya yanka. Aka yi masha Allah, aka ɗauki hoto, aka ce saura ɗan maharbi.

Muka ƙara gaba muka iske wani garke, sun kai goma sha. Maimakon su gudu, sai na ga sun nufo mu. Na tambayi Usman, ya ce irin wannan motar ce take kawo musu abinci kowace safiya, sun ɗauka lokaci ne ya yi. Wani namiji ya matso har ina ganin gashin idonsa, yana tauna yana kallona. Abu Rashid ya ce, "Yalla habibi, ga naka ya kawo kansa."

Hannuna ya ƙi ɗaguwa. Ji na yi kamar an ce in harbi akuyar Inna a bakin turke. Na tuna ranar da wata gada ta riƙa zuwa shan ruwa a bayan gonarmu, na matsa maka ka harbe ta, ka ce, "Kai, ba a harbin abin da ya saki jiki da kai. Je ka same shi inda yake tsoronka."

Ban san lokacin da na buɗe ƙofar mota ba. Na sauka, na cire takalmi kamar yadda kake yi, na ɗebi rairayi na saki kaɗan-kaɗan don in ga inda iska ta nufa, na sunkuya. Niyyata in ja da baya in zagayo musu ta ƙarƙashin iska, a yi abu bisa ƙa'ida.

Baba, ko ƙiftawar ido ban yi ba, wurin ya zama wayam. Sai ƙura. Ashe su mota ba ta dame su ba, mutum a kan ƙafafunsa shi ne abin da ba su yarda da shi ba. Garken da ke gabanmu ya tashi, ya tayar da na bayan tudu, na bayan tudu ya tayar da na gaba, har aka rasa barewa ɗaya a duk faɗin wurin. Ga ni tsaye ba takalmi, da rairayi a hannu.

Abu Rashid ya yi dariya har ƙyallen kansa ya zame. Ya ce halas, shi ke nan, na kore su sai gobe, gobe kuma an rufe sai baɗi. Ya ce zai ba da labarin nan a kasuwar Deira har ya tsufa. Kunya ta rufe ni, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Abin da ya fi cin raina shi ne sunanka da na ɗauko na kawo wurin.

Usman ne kaɗai bai yi dariya ba. Ya sauko ya dubi ƙafafuna, ya dubi hannuna, ya tambaye ni wa ya koya min sakin rairayi. Na ce ubana. Ya tambaya ko kana raye, na ce a'a. Ya yi maka addu'a, sannan ya juya ya roƙi Abu Rashid ya ba mu zuwa azahar, zai kai ni da ƙafa. Ya ce shekarunsa a gandun nan da yawa, ba a taɓa kawo masa baƙon da ya nemi ya taka ƙasa ba. Abu Rashid ya ce mu je, shi yana nan cikin sanyi da gahawarsa. Usman ya saɓa bindiga, ya kuma tilasta min mayar da takalmi, ya ce rairayin nan in hantsi ya yi ba ya sanin ɗan maharbi.

Da ƙarar mota ta ɓace a bayanmu, sai na ji wani shiru da na manta akwai irinsa a duniya. Shekara tara ke nan kunnena bai huta ba, daga ƙarar esi sai ta selotef ana naɗe kwali, sai hon, sai waya. A nan kuwa har numfashina nake ji.

Da farko ba abin da nake gani sai rairayi. Can idona ya fara buɗewa. Ga sawun ƙwaro kamar ɗinkin keke. Ga inda wani ƙadangare mai kama da damo ya ja jelarsa ya shige rami. Ga sawun barewa, ga na mai gudu da ya nutse ya watsa ƙasa, ga na wadda ta huce ta koma tafiya. Na tsugunna na murza kashinsu a yatsa don in ji ko da ɗumi, Usman ya kalle ni ya gyaɗa kai. Ni kaina na yi mamaki. Abubuwan da na ɗauka sun zube tun ina ɗan makaranta, ashe suna nan, ba wanda ya tambaye su ne kawai.

Usman ya nuna min wani sawu da ya ware daga garke, mai faɗi, ƙafar baya ɗaya tana ɗan ja. Ya ce tsoho ne, ya san shi, ƙahonsa ɗaya ya guntule, samari sun kore shi daga cikin mata. Shi muka bi. Muka hau tudu muka gangara, muka sake hawa. Gumi ya jiƙa ni sharkaf. Tumbin da na tara da shinkafar Deira ya fara ba ni labari, Usman yana cewa shwayya shwayya, wato a hankali. Muka huta a gindin wata bishiya da suke kira gaf, mai kama da bagaruwa, muka kurɓi ruwa. Ban taɓa shan ruwa mai daɗin wannan ba tun da na zo ƙasar nan.

Wajen ƙarfe goma sha ɗaya muka hango shi a wani kwari, tsaye a inuwa shi kaɗai. Daga nan sai rarrafe. Ba burtu, ba baƙin zane, sai rigar ƙwallo da na saya a kasuwa. Amma na yi yadda na gani a wurinka: in ya sunkuyar da kai in matsa, in ya ɗago in daskare, ko da gwiwa ɗaya tana sama. Rairayi ya shiga bakina, ƙaya ta soke tafin hannuna, ƙuda ya sauka a kan hancina ban kore shi ba. Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka ba. Na dai san na matsa har ina jin ƙarar haƙoransa a kan ganye, ina ganin haƙarƙarinsa yana hawa yana sauka.

Usman ya zuro min bindiga a hankali. Na yi bisimilla. Gumi ya shiga idona. Na danna.

Baba, na kuskure. Ba kuskuren kusa ba ma, harsashin ya tayar da ƙasa can gefe, inda ko inuwarsa ba ta kai ba. Tsohon ya yi tsalle ɗaya, ya haye tudu da ƙafar nan tasa mai ja, ya tsaya a sama ya waiwayo ya dube mu, sannan ya wuce abinsa.

Na kwanta rigingine a kan rairayi ina dariya. Usman ma ya kasa daurewa. Wallahi ban taɓa jin daɗi irin na wannan lokacin ba tun da na taka Dubai, ga shi ko gashin barewa ban samu ba. Na tuna ranakun da kake dawowa hannu wofi kana 'yar waƙarka, ni kuma ina jin haushi, ina cewa a raina mutum ya wuni a daji bai kawo komai ba kuma yana murna.

A nan dariyar ta yanke. Na ce ashe wannan ne. Ni da na ɗanɗana na rabin yini a cikin shingen waya, ji yadda na koma. Kai da aka haife ka a cikin daji, ka yi shekara sittin kana shaƙarsa, na zo rana ɗaya na danna masa kwaɗo saboda ina aiko da kayan abinci. Na kifa fuskata a ƙasa na yi kuka irin wanda ban yi ba ranar da aka gaya min rasuwarka. Usman ya ja gefe ya ba ni baya, yana ta gyaran bindigar da ba abin da ya same ta.

Washegari na kira Inna. Na daɗe ina kewaye-kewaye, lafiyar ƙafarta, lafiyar awaki, sannan na fito mata da abin da ke raina. Na ce ta gaya min tsakaninta da Allah, ko zaman da na sa ka ne ya karya ka.

Sai na ji tana dariya ƙasa-ƙasa. Ta ce, "Wane zama? Kai dai Sabi'u ba ka san ubanka ba."

Ta ce kwana uku kacal ka yi a ƙofar gida. A na huɗu ka ɗauki sandarka bayan asuba ka fita, kuma daga ranar ba ka fasa ba sai da ciwo ya kwantar da kai. Ba bindiga, ba burtu, ko danƙon harbi ba ka riƙe ba, don ka ce ka yi min alkawarin ajiye harbi kuma ka ajiye. Zuwa kawai kake yi ka duba. Ka tara mutanen gida ka ja musu kunne kada wanda ya gaya wa mutumin Dubai, yaro yana can yana fama da aikin mutane, kada a ƙara masa da tunani. Ka lura kullum lokacin cin abincin ranata nake kira, ƙarfe goma na safe a wurinku, shi ya sa duk inda ka kai sai ka juyo da wuri. Ta ce wani lokaci da haki kake isowa, ka zauna a tabarma, ka kakkaɓe ƙarangiya daga wandonka, ka ɗora waya a cinya kana jira. In na tambaya kana ina, ka ce, "Ina ƙofar gida." Ta ce ko sau ɗaya ba ka yi min ƙarya ba.

Baba, kai ma dai! Shekara biyu ina nan ina taƙama na zaunar da tsoho, ashe gida guda ana kallona ana dariya. Na ji wani nauyi ya sauka daga ƙirjina, na yi hamdala, har na fara yi wa Inna tsiya cewa da ita aka haɗa baki.

Sai ta ce akwai saura. Ta ce kwana kaɗan kafin ka kwanta, ka dawo da sauri fuskarka kamar ta yaro, ka ce ka ga sawun barewa a bakin busasshen rafi, uwa da ɗanta, abin da aka yi shekaru ba a gani ba a dajinmu. Ka gaya mata, ka gaya wa maƙwabta, amma ka ce su duk ba su san daɗin abin ba, Sabi'u ne ya sani, shi ya riƙe maka gora. Ana cikin haka wayata ta shigo. Ta ce ka ɗauka bakinka yana motsi, tana kallonka, ta ɗauka yau kam za ka fasa ƙwai. Na tambaye ka ko akwai labari. Ka ce, "Babu, sai alheri."

Na tuna kiran, Baba. Ina tsaye a bakin sito ana loda kaya, na ce to madalla, zan sake kira, na kashe.

Dajin ban iya raba ka da shi ba, alhamdu lillahi. Abin da na raba ka da shi ɗan da za ka ba labari ne, kuma wannan ba ni da yadda zan mayar maka. Ka yafe min ɗaga muryar da na yi a gaban abokanka. Ka yafe min saurin kashe waya. Ina ƙaunarka, ban taɓa faɗa maka da baki ba don ba a saba ba, yau na faɗa kowa ya ji.

Allah ya jiƙanka, ya gafarta maka, ya yalwata kabarinka iyakar ganinka. Allah ya saka maka da alheri a kan kowace safiya da ka katse yawonka ka dawo da haki don kada hankalina ya tashi. Ya ba Inna lafiya da tsawon rai, ya dawo wa dajinmu da zaman lafiya. Ya haɗa mu a Aljanna Firdausi, in zauna a gabanka ba waya a hannuna, ka ba ni labarin uwar nan da ɗanta tun daga farko.

Ɗanka mai kewarka,
Sabi'u